NAZARI: Dalilin da ya sa ƙarin jari kaɗai ba zai rage layin banki a Jalingo ba

Duk ƙarshen wata, da zarar albashi ya fara shiga asusun ma'aikata, titin Hammaruwa da ke tsakiyar Jalingo yakan ɗauki wata kama ta daban. A kan wannan titi da kewayensa ne akasarin rassan bankunan kasuwanci na babban birnin Jihar Taraba suke jere. Tun kafin ƙarfe takwas na safe jama'a kan taru a bakin ƙofofi: malaman makaranta, ma'aikatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya, 'yan sanda, 'yan fansho, da fataken da suka yi sammako daga Bali ko Mutum Biyu. Kaɗan ne daga cikinsu suka zo cirar kuɗi, domin masu POS sun daɗe da ɗauke wa banki wannan aiki. Galibinsu matsala ce ta kawo su. Wani an zare masa kuɗi na'ura ba ta ba shi ba, wani an rufe masa asusu saboda sunansa na BVN ya saɓa da na NIN, wata katinta ya daina aiki, wani kuma an cire masa kason rance da bai gane lissafinsa ba.

A Abuja kuwa, maganar bankuna ta fi karkata ga jari. A ranar 28 ga Maris, 2024, Babban Bankin Najeriya, CBN, ƙarƙashin gwamnansa Olayemi Cardoso, ya umarci bankunan da ke da lasisin hulɗa da ƙasashen waje su ɗaga jarinsu zuwa naira biliyan 500, masu lasisin ƙasa baki ɗaya biliyan 200, na shiyya biliyan 50, tare da yanka masu wa'adin 31 ga Maris, 2026. Matakin yana da hujja, musamman ga wanda ya ga yadda aka soke lasisin Bankin Heritage a watan Yunin 2024. Sai dai abin da jari ke tabbatar wa mai ajiya shi ne bankinsa ba zai durƙushe da kuɗinsa ba. Batun ko za a warware masa matsalarsa yau ko a ce ya dawo gobe ya rataya ne a kan wasu abubuwa da ba sa cikin waccan takardar umarni: yadda aka ɗauki ma'aikacin da ke bayan kanta, da ma'aunin da ake auna aikinsa, da kuma iyakar ikon da aka bar wa manajan da ke kansa.

Inda "dawo gobe" ke da tsada

Taraba, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Gongola a ranar 27 ga Agusta, 1991, ita ce ta uku a girman ƙasa bayan Neja da Borno. Tana da ƙananan hukumomi 16, amma rassan bankuna sun taru ne a Jalingo da Wukari da wasu 'yan garuruwa. Mutumin da ya taso daga Gembu a tsaunin Mambilla zai cinye mafi yawan yininsa a mota kafin ya iso Jalingo. Bayan da ambaliya ta karya gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari a watan Agustan 2024, tafiya daga kudancin jihar ma ta ƙara wuya da tsada.

Saboda haka kalmar "dawo gobe", wadda a Wuse ko Garki ba ta wuce asarar kuɗin tasi ba, a Taraba tana iya zama kuɗin mota na zuwa da dawowa, da kuɗin masauki, da ranar kasuwa guda da ta wuce mutum. Binciken da cibiyar EFInA ta fitar kan shekarar 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na baligan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, amma a Arewa maso Gabas adadin ya kai kashi 38. Akan danganta hakan da talauci da nisa da ƙarancin karatu, kuma duk gaskiya ne. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne labarin da wanda ya wahala a banki yake komawa da shi ƙauyensu. Manomin da ya yi zuwa uku kan kuɗin masararsa da suka maƙale, idan ya koma gida zai hana mutum goma buɗe asusu.

Wane ne ke zaune a bayan kanta

Tsarin ɗaukar ma'aikata da ake gani yau ya samo asali ne daga garambawul biyu. A watan Yulin 2004 gwamnan CBN na lokacin, Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jari zuwa naira biliyan 25, abin da ya mayar da bankuna 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005. A wannan haɗaka ce Bankin Arewa, wanda tsofaffin ma'aikatan tsohuwar Gongola suka sani, ya narke cikin Bankin Unity tare da wasu bankuna takwas. Sai kuma watan Agustan 2009, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi ya tsige shugabannin manyan bankuna biyar, aka zuba naira biliyan 420 domin ceto su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya zo da sallamar dubban ma'aikata, kuma guraben da aka sake cikewa daga baya an cike da yawansu ne ta hannun kamfanonin samar da ma'aikata.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, sun nuna a ƙarshen 2018 bankunan kasuwanci na da ma'aikata kimanin dubu 104, kuma sama da dubu 45 daga cikinsu 'yan kwantiragi ne. Wato a kowane mutum goma, fiye da huɗu ba ma'aikatan bankin ba ne a takarda, ko da yake suna sanye da tufafinsa suna riƙe da kuɗinsa. Kuma ba a ɓoye suke ba. Su ne masu karɓa da biyan kuɗi a kanta, su ne a teburin sauraron koke, su ne ke yawo kasuwa suna neman masu buɗe asusu. Duk wanda abokin hulɗa zai fara yin ido biyu da shi, daga mai gadi zuwa mai duba masa asusu, zai yi wuya a samu na dindindin a cikinsu.

Ɗan kwantiragi yana aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikacin dindindin, amma albashinsa bai kai nasa ba, ba ya cikin tsanin ƙarin girma, kuma ana iya mayar da shi ga kamfanin da ya kawo shi ba tare da doguwar magana ba. A al'adar aikin kanta, idan lissafin yini ya yi giɓi, mai kantar ne ke cikewa. Mutumin da ke cikin wannan hali ya koyi darasi guda: kada ya ɗauki kasadar da ba dole ba. Idan takardar abokin hulɗa ta zo da ɗan saɓani, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya mayar da shi, domin mayarwar ba za ta ci aikinsa ba, amma kuskure zai iya ci. Yawancin abin da jama'a ke kira wulaƙanci a banki daga wannan tsoro yake tasowa.

Akwai kuma hasarar da bankunan kansu ke yi. Hukumar Inshorar Ajiyar Kuɗi, NDIC, ta sha nunawa a rahotanninta na shekara-shekara cewa ma'aikatan wucin-gadi na cikin rukunin da aka fi samu da hannu a zambar cikin gida. Wannan ba hujja ba ce ta cewa sun fi kowa rashin amana. Abin da ya nuna shi ne an damƙa mabuɗin dukiya a hannun wanda ba shi da wani abin da zai rasa idan ya tafi.

Hanyar shiga aikin dindindin ma tana da nata shingen ga 'yan Taraba. Bankuna da dama kan sanya iyakar shekaru 26 ko 27 ga sabbin masu digiri, su yi jarrabawar tantancewa ta intanet, su kuma kai waɗanda suka ci makarantun horonsu da ke Legas. Ɗalibin Jami'ar Jihar Taraba ko Jami'ar Tarayya ta Wukari da ya shiga makaranta a makare, ko yajin aikin malaman jami'a ya cinye masa lokaci, kamar na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, sau da yawa yakan gama bautar ƙasa shekarun sun riga sun wuce shi. Sai ya shiga ta ƙofar kwantiragi. Sakamakon shi ne a reshe guda za a tarar wanda ke jin Hausa da Fulatanci da Mumuye ko Jukunanci ba shi da ikon yanke komai, wanda ke da ikon kuma baƙo ne da ke ƙirga watannin da suka rage a mayar da shi kusa da iyalinsa.

Ta fuskar doka, kariyar ba ta da ƙarfi. Dokar Ƙwadago ta 1974 an tsara ta ne domin leburori da ƙananan akawu, ta kuma cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru daga ma'anar "ma'aikaci". A 2022 Ma'aikatar Ƙwadago ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan 'yan kwantiragi a bankuna da kamfanonin inshora, waɗanda suka taɓo 'yancin shiga ƙungiya da hanyar ci gaba a aiki. Ƙungiyoyin ma'aikatan banki, ASSBIFI da NUBIFIE, sun daɗe suna neman haka. Amma ƙa'ida a takarda sai da mai bin sawunta, kuma ɗan kwantiragin da ke Jalingo ba zai kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ba alhali yana fatan a sabunta masa kwantiragi a wata mai zuwa.

Abin da ake aunawa shi ake yi

Ma'aikaci, ko na banki ko na gwamnati, yakan sa ƙarfinsa ne inda ya san za a duba. A bankunan Najeriya babban ma'auni shi ne yawan ajiyar da mutum ya jawo. Akan yanka wa kowane reshe adadin kuɗin da zai tara da yawan asusun da zai buɗe, manaja ya rarraba wa na ƙasa da shi, sannan a zauna taron bita inda ake kiran sunan wanda ya gaza a gaban takwarorinsa. Daga wannan maki ne ƙarin girma da kuɗin ƙarfafa gwiwa suke fitowa, daga nan ne kuma takardar sallama take fitowa.

Matsin yana da dalili. Lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta tilasta aiki da Asusun Bai-ɗaya, TSA, a watan Satumban 2015, kuɗaɗen ma'aikatu da hukumomin tarayya sun bar bankunan kasuwanci suka koma CBN. A shekarar da ta biyo baya sallamar ma'aikata ta yi yawan da sai da Ministan Ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, ya fito ya umarci bankuna su dakata. Bugu da ƙari, kason ajiyar da CBN ke tilasta wa bankuna su bari a wurinsa ya kai kashi 50 cikin 100 a watan Satumban 2024. Ma'ana, a kowace naira 100 da reshe ya jawo a lokacin, rabi ne kawai bankin zai iya juyawa. Yunwar ajiya ta ƙaru ke nan.

A gari irin Jalingo, inda babu manyan masana'antu, manyan ajiyoyi suna hannun gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi da 'yan kwangila da ɗaiɗaikun attajirai. Manajan da ake auna shi da biliyoyi ya san inda zai same su, kuma ba a cikin layin 'yan fansho ba ne. Don haka yininsa yakan ƙare a ofisoshin gwamnati da gidajen manya, zauren banki kuma ya zauna a hannun mataimaka. Ba za a ce ya yi laifi ba, tunda abin da aka aike shi ke nan. Amma asusun da aka buɗe domin cika adadi, wanda ba a bi mai shi an koya masa amfani da shi ba, shi ne gobe yake zama asusun da ya mutu, ko kuma koke a teburin sauraron jama'a.

Inda wannan hanya take kaiwa idan aka matsa, an gan shi a Amurka. A watan Satumban 2016 hukumomi sun ci Bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185 bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe asusu da katunan bashi kimanin miliyan biyu ba da sanin masu su ba, domin cika adadin da aka ɗora masu. Bankin ya kori ma'aikata kusan 5,300, akasarinsu ƙanana, daga baya adadin asusun ya haura miliyan uku da rabi, kuma a 2020 ya amince ya biya dala biliyan uku. Binciken da hukumar gudanarwar bankin ta sa aka yi ya ɗora alhakin a kan tsarin ma'aunin da shugabannin da suka kafe a kansa. Bankin ba ya fama da ƙarancin jari a lokacin.

Manajan reshe: gaba kura, baya sayaki

A tsarin yawancin bankuna, reshe yana da shugabanni biyu. Akwai manajan da ke neman kasuwa, akwai kuma shugaban ayyukan cikin gida mai kula da kanta da ma'ajiyar kuɗi da teburin koke, kuma sau da yawa kowannensu yana da nasa ubangidan a ofishin shiyya. A samansu akwai hedikwata, wadda ga mafi yawan bankuna tana Legas. Bayan abin da ya faru a 2009, an janye kusan duk wani iko mai nauyi zuwa can. Amincewa da rance, gyaran bayanan asusu, buɗe asusun da aka rufe, mayar da kuɗin da suka maƙale, ɗaukar ma'aikaci ko tabbatar da shi, duk sai an tura an jira amsa.

Wannan ya bar manaja a tsaka mai wuya. Shi abokin hulɗa ke gani, shi ake kira da dare, shi ake kai ƙara wurin mai unguwa ko a faɗa wa limamin masallacinsu ko faston cocinsu, alhali abin da ake nema a wurinsa yana kan kwamfutar wani matashi a Legas da bai taɓa jin sunan Karim Lamido ba. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manajan Jalingo ya san lokacin da kuɗin riɗi da waken suya ke shigowa, ya san ɗan kasuwar da maganarsa ta fi takarda, ya san ranar da albashin jiha zai cika masa zaure. Tsarin da yake aiki a ciki bai tanadi hanyar da wannan sani zai zama hukunci ba.

Duk da haka, abin da ya rage a hannunsa ba kaɗan ba ne, kuma shi ya sa rassa biyu na banki ɗaya, masu manhaja ɗaya da ƙa'ida ɗaya, suke bambanta kamar ba gida ɗaya ba. Manaja ne ke tsara wanda zai zauna a wace kujera ranar albashi, da ko za a buɗe ƙarin kanta. Shi ke yanke ko mai jin harshen tsohuwar da ta zo daga Zing zai bar teburinsa ya yi mata bayani. Shi ke bin sawun koken da aka tura hedikwata har a amsa, ko ya bar shi ya kwana. Shi ke ba da makin ƙarshen shekara, ya rubuta sunan ɗan kwantiragin da ya cancanci a tabbatar. Mafi girma duka, shi ke zaɓar ko zai sauke wa na ƙasa da shi duk zafin da aka sauke masa a taron bita, ko zai tare wani kaso. Ma'aikaciyar da aka ci wa mutunci da ƙarfe bakwai da rabi na safe ita ce za ta karɓi abokin hulɗa na farko da ƙarfe takwas.

Masana sun daɗe da auna wannan alaƙa, kuma a bankuna suka fara. A 1980 Benjamin Schneider da abokan aikinsa sun yi nazarin rassa 23 na wani banki a Amurka, suka tarar cewa yadda ma'aikatan reshe ke bayyana yanayin aikinsu yana tafiya daidai da yadda abokan hulɗar wannan reshe ke bayyana hidimar da ake yi masu. A 2004 Ann Bartel ta Jami'ar Columbia ta bi rassan wani babban banki a Kanada, ta nuna cewa rassan da ma'aikatansu suka gamsu da yadda ake auna su da yadda ake sanar da su sakamakon aikinsu sun fi sauran samun kasuwa. Ƙa'idojin bankin iri ɗaya ne a kowane reshe; manajojin da ke aiwatar da su ne suka bambanta.

Akwai ma bankin da ya gina kansa a kan wannan fahimta. Lokacin da Jan Wallander ya karɓi ragamar Handelsbanken na ƙasar Sweden a 1970, ya soke kasafin da hedikwata ke yanka wa rassa, ya mayar da hukuncin rance da na hulɗa da jama'a hannun manajan reshe, ana kwatanta kowane reshe da takwarorinsa ta fuskar tsadar aiki da gamsuwar abokan hulɗa. Bankin ya shafe shekaru masu yawa yana cikin mafi riba a ƙasar, kuma ya tsallake rikicin bankunan Sweden na farkon shekarun 1990 ba tare da gwamnati ta ceto shi ba. Najeriya ba Sweden ba ce, amma misalin ya isa ya nuna cewa ba wa reshe iko ba lallai ne ya zama buɗe ƙofar ɓarna ba.

Jarrabawar 2023

Sauyin fasalin naira ya fito da duk waɗannan raunuka fili. CBN ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da shirin a ranar 26 ga Oktoba, 2022, ya sanya 31 ga Janairu, 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000, sannan ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sabbin kuɗin ba su wadata ba. Jalingo, kamar sauran biranen Arewa, ta ga layukan da ke farawa tun asuba, kasuwannin da ciniki ke tafiya da tsabar kuɗi irin na Iware da Mutum Biyu kuma suka shiga ƙunci. A wasu biranen kudu an ƙona rassa, an ga bidiyon ma'aikata suna haura katanga. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris kafin al'amura suka fara lafawa.

Ma'aikatan reshe ba su suka tsara manufar ba, ba su suka buga kuɗin ba, amma su aka sa aiki har Asabar da Lahadi, su kuma jama'a suka huce a kansu. An bar jaki ana dukan taiki. A wannan lokaci hukumomin yaƙi da rashawa sun kama wasu jami'an bankuna bisa zargin ɓoye sabbin kuɗi, abin da ya nuna ɗayan gefen lamarin: ɗan ikon da ya rage a reshe, idan babu sa ido, yana iya komawa hannun masu alfarma. Irin wannan ya sake faruwa a ƙaramin mataki a ƙarshen 2024, lokacin da wasu manyan bankuna suka sauya babbar manhajar da suke aiki da ita, hada-hada ta tsaya na kwanaki, ma'aikatan kanta suka zama masu ba da haƙuri kan abin da su ma ba a yi masu cikakken bayaninsa ba.

Hujjar bankuna

Bankuna na da abin cewa, kuma ya kamata a saurara. Na farko, tattara iko a hedikwata magani ne na cutar da aka gani da ido, domin rancen son rai na cikin abin da ya kusa kashe bankuna a 2009. Na biyu, riƙe reshe a gari mai nisa yana da tsada: man janareta, jigilar kuɗi a kan hanyoyi marasa kyau, tsaro. Na uku, hada-hada ta koma waya da POS, kuma kamfanoni irin su Moniepoint da OPay sun mamaye kasuwa ba tare da dogaro da zaurukan banki ba, don haka zuba kuɗi a kan ma'aikatan kanta kamar saka jari ne a sana'ar da ke mutuwa.

Hujja ta ukun ita ce ta fi rauni. Da sauƙaƙan ayyuka suka koma waya, abin da ya rage wa reshe shi ne masu wuya: zamba, saɓanin suna, asusun mamaci da magada ke nema, rancen da aka yi jayayya a kansa. Waɗannan suna buƙatar ma'aikaci mai ƙwarewa da iko fiye da na da, amma a daidai wannan kujera ce aka ajiye wanda ya fi kowa ƙarancin horo da albashi. Game da hujja ta farko kuwa, ana iya barin hukuncin babban rance a hedikwata, a kuma ba manaja ikon mayar da ƙaramin kuɗin da hujja ta nuna sun maƙale, zuwa wani adadi da aka ƙayyade, masu binciken kuɗi su duba daga baya.

Abin da ke hannun Abuja

Ƙa'idojin kare abokin hulɗa suna nan. Tun watan Yunin 2020 CBN ya wajabta mayar da kuɗin da suka maƙale a na'urar ATM ta bankin mutum nan take ko cikin awa 24, ta wani banki cikin awa 48, na POS da intanet cikin awa 72. Wanda ya shigar da koke a rubuce yana da haƙƙin a ba shi lambar bin sawu, idan kuma mako biyu suka wuce ba a warware ba zai iya kai maganar sashen kare abokan hulɗa na CBN, wanda ke da reshe a Jalingo. Ana kuma tilasta wa bankuna su bayyana yawan koken da suka karɓa da waɗanda suka warware a rahotonsu na shekara.

Giɓin shi ne alƙaluman na banki ne baki ɗaya, don haka jinkirin Jalingo yana ɓacewa a cikin saurin Legas. Da za a nemi kowane banki ya fitar da su jiha-jiha, tare da kason 'yan kwantiragi a kujerun da ke fuskantar jama'a da yawan waɗanda aka tabbatar a shekara, da hukumomin gudanarwar bankuna sun sami dalilin sanya waɗannan abubuwa a cikin makin manaja. Wannan aiki ne da CBN da Ma'aikatar Ƙwadago da kwamitocin Majalisar Tarayya kan harkokin banki za su iya yi ba tare da sabuwar doka ba. An ga misalin irin wannan tsoma baki a watan Mayun 2020, lokacin annobar korona, da CBN da Kwamitin Shugabannin Bankuna suka hana sallamar ma'aikata, na dindindin da na wucin-gadi, sai da izinin Babban Banki.

Ma'aikatan tarayya na da dalili biyu na bin wannan batu. Albashinsu ta waɗannan rassa yake bi, kuma duk wanda aka tura aiki Taraba zai tsaya a layin titin Hammaruwa. Sannan aikin gwamnati kansa yana kan sauyawa daga tsohuwar takardar APER zuwa sabon tsarin auna ƙwazo mai ɗora wa kowane jami'i adadin abin da zai cimma, fiye da shekara 20 bayan kafa SERVICOM a 2004. Bankuna sun riga gwamnati shiga wannan hanya da shekaru masu yawa, kuma abin da ya same su ya nuna cewa ma'aunin da ya ƙirga abu ɗaya ya bar sauran yakan sa a yi watsi da sauran, musamman idan shugaban sashe ba shi da ikon gyara abin da ake tuhumarsa a kai.

Neman sabon jari kan zo da haɗewar bankuna, kamar yadda CBN ya amince da ta Unity da Providus a watan Agustan 2024. Tarihin 2005 da na haɗewar Access da Diamond a 2019 ya nuna cewa idan bankuna biyu suka zama ɗaya, akan duba rassan da ke maƙwabtaka da juna da ma'aikatan da aikinsu ya zo ɗaya. A titin da rassa ke jere ƙofa da ƙofa kamar Hammaruwa, wannan lissafi ba zai yi wuyar yi ba, kuma 'yan kwantiragi ne suka fi sauƙin cirewa. Ya rage ga masu sa ido a Abuja su tambayi kowane banki, tun kafin a sa hannu, kujeru nawa za su rage a teburin koke na Jalingo, da kuma wanda zai zauna a kansu.